Alkawarin "Ba Zan Ƙara Ba": Mene Ne Hukuncin Wanda Ya Saɓa?

Jawabin da kwamitin sulhu na ƙungiyarmu ya gabatar ga taron makiyaya da fataken shanu a Mai Wurno.



Shugaban wannan taro, iyayenmu sarakuna da ardo-ardo, malamanmu, shugabannin kasuwa da dillalai, iyayenmu mata da ke zaune daga gefe, 'yan'uwa makiyaya da fatake, muna yi muku barka da zuwa. Muna gode wa waɗanda suka bar garke a hannun yara suka yi tattaki daga hayin kogi, da waɗanda suka ajiye ciniki suka zo. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Mun saba idan muka taru maganar burtali muke yi, da mashaya, da allurar shanu, da harajin da ake karɓa a kan hanya. Yau kuwa maganar cikin gida muka kawo, wadda kunya ta hana mu taɓawa shekara da shekaru. Ita ce maganar mutumin da ya doki matarsa, aka zauna aka yi sulhu, ya ce ba zai ƙara ba, sa'an nan ya ƙara. Tambayarmu ɗaya ce: mene ne hukuncinsa?

Bari mu fara da abin da ya same mu, mu 'yan wannan kwamiti, don kada a ce muna ganin laifin wasu muna ɓoye namu. Shekaru kaɗan kafin yaƙi, a wani mashekari da ke gabas da kogi, wajen Dindir, wata yarinya ta yi yaji saboda mijinta ya doke ta da sandar kiwo. Mahaifinta ya kira mu, muka zauna, muka yi wa yaron faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce kuskure ne. Aka rubuta ta'ahudi, ya dangwala yatsa, mu ma muka sa hannu, aka yi biko ta koma ɗakinta. Ba a yi wata biyu ba ya maimaita. Muka sake zama, muka sake rubuta wata takarda irin ta farko, muka ce mata ta yi haƙuri, harshe da haƙori ma sukan saɓa. A karo na uku a kan keken jaki aka kai ta asibiti da karyayyen hannu, kunnenta ɗaya kuma har yau ba ya ji. Da muka je gaishe ta, mahaifinta bai zage mu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Ku da kuka sa hannu a takardar farko, me kuka yi masa ranar da ya saɓa ta?" Jama'a, ba mu da amsa, domin ba mu yi masa kome ba. Takardarmu ta faɗi abin da ba zai yi ba, amma ba ta faɗi abin da zai same shi in ya yi ba.

To, ku fatake ku dubi yadda muke yi a kasuwa. Ba wanda zai sayi sa a hannun baƙo, ko a Sinja ko a Damazin ko a Muwailih ta Umdurman, sai damin ya tsaya masa, ya lamunce cewa dabbar ba ta sata ba ce. In daga baya mai ita ya bayyana, an san wanda za a kama, an san wanda zai biya. Haka nan idan shanu suka faɗa gona, akwai zariba da ake tsare su, akwai masu ƙiyasta ɓarna, akwai kuɗin da za a biya kafin a sake su. Wato a kan dabba mun yarda cewa alkawari ba ya tsayawa sai da mai lamuni da kuma hukunci. Amma a kan 'yar mutane, wadda aka ba mu amana da shaidu da sadaki, sai muka wadatu da kalmar baki. Wannan ita ce ɓarakar da muke so mu ɗinke.

Me dokar ƙasar nan ta tanada? Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta hukunta duka, ko wane ne aka doka. Kamar yadda aka rubuta ta, wanda ya cutar da jikin wani ana iya ɗaure shi har wata 6, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. Wanda ya ji wa wani rauni da gangan kuwa, akwai ƙisasi in sharuɗɗansa sun cika, in ba su cika ba akwai ɗauri har shekara 5, ga kuma diyya. Dukkanmu mun san Urnik 8, takardar da 'yan sanda ke bayarwa a kai wa likita ya rubuta irin raunin da ya gani, domin mun sha karɓar ta in rikici ya haɗa mu da manoma. Ita ce dai ake karɓa wa mace in mijinta ya ji mata ciwo. Har ila yau dokar zamantakewar iyali ta Musulmi, ita ma ta 1991, ta ba mace damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba aure saboda cutarwa.

Sai dai ku lura, waɗannan hanyoyi biyu dukkansu bayan ɓarna suke zuwa. Ta farko sai jini ya zuba, ta biyu kuma sai aure ya mutu. Mata da yawa ba ɗaurin miji suke nema ba, ba kuma saki ba, so suke a tsayar da duka su ci gaba da renon 'ya'yansu. A watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi wa dokokin laifuffuka gyara, har ta haramta kaciyar mata, amma har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 Sudan ba ta da doka ta musamman a kan cin zarafi a cikin gida, ba ta kuma da abin da wasu ƙasashe ke kira odar kariya.

Odar kariya umarni ne daga alƙali zuwa ga mutum guda da sunansa, cewa daga yau kada ka doki wance, kada ka tsorata ta, kada ka je inda take zaune ko inda take sana'a, kada kuma ka aiki wani ya yi a madadinka. Ba saki ba ce, ba kuma ɗauri ba ce. Shinge ne ake yi tsakanin mutum biyu har hankali ya kwanta. Ƙarfinta kuwa yana wuri ɗaya: tsallake shingen laifi ne mai zaman kansa, ko da bai taɓa ta ba.

Don mu ga yadda abin yake, bari mu waiwaya ƙasar da kakanninmu suka baro. Kowa a nan ya san cewa bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin wannan kogi wajen 1906. Hanyar da suka bi ba ta toshe ba, ilmi da doka ma sun bi ta. A 1958, lokacin Sardauna Ahmadu Bello, da Jihar Arewa ta so gyara dokokinta na shari'a, Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masanan da aka gayyato, kuma dokar laifuffuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 a kan ta Sudan aka gina ta. Saboda haka in yau mu muka dubi abin da suka yi muka ɗauki mai amfani, ba abin kunya ba ne, rance ne aka mayar.

A watan Mayu na 2015 shugaban Nijeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi a 2018, Jihar Sakkwato kuma, inda garin Wurno yake, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa tata hannu a 2021. Ga abin da dokar 2015 ta ƙunsa a kan maganarmu.

Wadda ake cuta tana iya zuwa kotu da kanta ta nemi odar kariya. In ba za ta iya ba, ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a yana iya nema mata da yardarta. In alƙali ya ga akwai haɗari a kusa, yana iya ba da oda ta wucin gadi nan take, tun kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara, daga baya a kira shi ya kare kansa. Alƙali yana iya sa a karɓe makamin da ke hannunsa, ya sa ɗan sanda ya raka matar ta kwashe kayanta, ya kuma yanka masa kuɗin da zai ba ta na gaggawa. Odar kuma tana aiki a ko'ina cikin ƙasar.

Babban abin lura shi ne wannan: ranar da aka ba da odar, ranar ake rubuta takardar kama shi, sai a jingine ta. Muddin ya kiyaye, ba mai taɓa shi. Ranar da ya saɓa, matar ba sai ta sake fara ƙara daga tushe ba, sai ta kai takardar ga 'yan sanda tare da rantsuwa cewa ya saɓa. Hukuncin wanda ya saɓa kuwa, tara ce da ba ta wuce Naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wannan daban yake da hukuncin dukan kansa, domin dukan mata ko miji a wannan doka yana jawo ɗauri har shekara 3 ko tarar Naira 200,000, korar mace daga gida da ƙarfi kuma har shekara 2 ko Naira 300,000. Dokar ba ta manta da maza ba. Duk wanda ya yi rantsuwa a kan ƙarya da gangan don a kama wani, mace ko namiji, ana iya cin sa tara har Naira 200,000 ko a ɗaure shi har wata 6.

Ba Nijeriya kaɗai ke da irin wannan ba. A Afirka ta Kudu, dokar 1998 ta ce wanda ya saɓa odar kariya ana iya ɗaure shi har shekara 5. A Ingila ma tun 2007 haka abin yake, har shekara 5. Maroko, ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu Malikawa, ta yi tata dokar a 2018, inda wanda kotu ta hana shi kusantar wadda ya cuta, ya kusance ta, yake fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2.

Mun san abin da wasu ke faɗa a ransu, cewa wannan al'adar Turawa ce, kuma tsakanin miji da mata sai Allah. To, ga malamanmu nan zaune, su gyara mana in mun yi kuskure. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan, irin su Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, an yi bayanin matar da ta kawo ƙarar cutarwa. In ba ta da shaida, alƙali yakan zaunar da ita da mijin a tsakiyar mutanen kirki, don su ga abin da ke gudana su ba da shaida. In cutarwa ta tabbata, alƙali yana da ikon tsawata wa mijin ya kuma hore shi, ita kuma tana da zaɓin a raba auren ba tare da ta biya shi kome ba. In abin ya rikice, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Uwar Muminai Nana A'isha kuma ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ashe ke nan sa ido a kan mai cutarwa da hukunta shi in ya maimaita, gadonmu ne, mu muka yi sakaci da shi. Kunya da haƙuri da muke tinƙaho da su a pulaku, ba a kan mace kaɗai aka ɗora su ba. Namijin da ya ɗaga sanda a kan uwar 'ya'yansa a gaban surukai da maƙwabta, shi ne ya fara zubar da kunya.

Duk da haka, ba za mu ce a ɗauko dokar Abuja a dasa ta a ruga yadda take ba, domin an tsara ta ne da tunanin mutanen birni. Akwai wurare uku da ba ta dace da zamanmu ba.

Na ɗaya, mu ba mazauna wuri guda ba ne. Odar da ta ce kada wane ya shiga gida mai lamba kaza a unguwa kaza, ba ta da amfani ga matar da damina take nan, rani kuma tana can kudu wajen Rusairis ko kan iyakar Habasha. Tamu odar dole ta bi matar duk inda ta sauka. Haka nan kai wa mutum sammaci, ɗan sanda ba zai same shi a daji ba, amma ardonsa ya san inda yake, daminsa kuma ya san ranar da zai shigo kasuwa.

Na biyu, tara ta kuɗi ba ta daɗewa da ƙarfinta. Naira 300,000 da aka rubuta a 2015, yau ba za ta sayi bijimi mai ƙiba a kasuwar Acida ba, ku kuma kun fi kowa sanin abin da ya sami jinen Sudan. Mai garke zai biya irin wannan yana dariya. Abin da makiyayi ke tsoro shi ne a rage masa kai a garke, ko a tsare shi wata 6, rani guda cur, shanu na hannun yara.

Na uku, shi ne mafi wuya. Shanun mace, na sadakinta da na gadonta, a cikin garken miji suke. In aka ci shi tara, sau da yawa karsanarta zai kai kasuwa ya biya, wato an doke ta an kuma ci ta tara. In ta yi yaji kuma, ta bar nonon da take tatsa tana sayarwa, wanda shi ne cefanenta da sabulunta. Wannan ne ke mayar da mata da yawa ɗakin da ake dukansu, ba so ba.

Ga kuma halin da yaƙi ya jefa mu. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disamba 2023, ba su karɓo ta ba sai Janairu 2025. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, aka karɓo ta a Nuwamba. A tsakanin nan kotuna da ofisoshin 'yan sanda da dama sun tsaya, dukiya ta salwanta, bindiga ta yawaita a hannun mutane, iyalai sun cunkushe a ɗaki ɗaya. Matan da a da suke gudu gidan iyaye, wasunsu iyayen ma sun watse. Ba za mu zauna jiran doka daga sama ba alhali muna da abin da za mu iya yi da hannunmu.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari shida, in kun amince su zama ƙa'idarmu.

Ta ɗaya, duk sulhun da za mu yi a kan duka, a rubuce za a yi shi, gaban ardo ko umda da liman, a karanta wa matar ta ji da kunnenta, a tambaye ta ita kaɗai ko ta yarda ta koma. Kofi ɗaya a hannun waliyyinta, ɗaya a hannun kwamiti.

Ta biyu, mijin zai kawo mai lamuni daga danginsa, mutum mai garke wanda aka sani, kamar dai yadda ake kawo damin a kasuwa.

Ta uku, a cikin takardar za a rubuta abin da zai biya in ya saɓa, da kan dabba ba da kuɗi ba, daga cikin nasa na kansa, a kuma miƙa wa matar ya zama mallakarta. In ya ƙi, mai lamuninsa ya biya.

Ta huɗu, a ranar sulhun za a ƙidaya shanunta gaban shaidu, a rubuta kamanninsu da shaidar da ke jikinsu. Muna roƙon dillalai da fatake, kada ku sayi dabbar da kuka san ta mace ce sai kun ji daga bakinta ko bakin waliyyinta.

Ta biyar, ba sulhu na biyu a kan alkawarin da aka saɓa. Wanda ya maimaita, mu da kanmu za mu raka matar da takardar zuwa gaban alƙali, mu tsaya mata shaida. In kuwa akwai rauni, ko karaya, ko an zare mata wuƙa ko bindiga, ko tana da ciki, to tun karon farko ba maganar kwamiti ba ce. A kai ta asibiti, a karɓi Urnik 8, hukuma ta yi aikinta. Mu ba mu da kurkuku, ba mu kuma da ikon dukan kowa.

Ta shida, a kowace ruga da kowace unguwa a sami dattijuwa biyu masu amana waɗanda mace za ta iya kai wa kuka, domin akwai abin da ba za ta iya faɗa a gaban maza ba. Wanda kuma aka tabbatar ya yi ƙage, mace ko namiji, shi ma kwamiti zai tsawata masa a gaban jama'a.

Ga hukuma kuwa, kiranmu shi ne idan Allah Ya kawo zaman lafiya aka zauna gyaran dokoki, a sanya odar kariya a cikin dokar Sudan, a bayyana hukuncin wanda ya saɓa ta da ɗauri, a ba kotunan karkara da sarakunan gargajiya ikon ba da ita cikin gaggawa, don kada mace ta yi tafiyar kwana biyu kafin ta ga alƙali. A kuma tambayi makiyaya, maza da mata, kafin a rubuta.

'Yan'uwa, kowane ɗayanmu yana da 'ya ko ƙanwa a ɗakin wani, kamar yadda 'yar wani take a ɗakinsa. Mun daɗe muna kuka cewa ana tauye mana hakki a burtali da mashaya saboda an ga ba mu da ƙarfi, to mu ma kada mu tauye na wanda ke ƙarƙashinmu. Wancan dattijo da ya yi mana tambaya a bakin gadon asibiti, muna fata in wani uba ya sake yin irinta, mu sami amsar da za mu ba shi.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa, inda muka yi kuskure muna neman gafara, malamai kuma su gyara mana. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, Ya albarkaci dukiyarmu da iyalanmu, Ya kai kowa gida lafiya.